Kafin a ce gas ya ƙare: abin da ke hana na'urar sanyaya ɗaki yin sanyi a gidajenmu

Daga tsakiyar watan Fabrairu hunturu yakan fara janye jiki daga jihohin Donga da Borgou, bazara ta karɓi wuri. Cikin Maris da Afrilu zafin rana a Djougou da Parakou yakan kusanci digiri 40. Kwanon rufi ya wuni yana shan rana, da dare kuma ya riƙa amayar da zafin a kan masu barci. A lokacin ne duk gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan muke kira kilim, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce esi, yake tunawa da ita. Sai a kunna, ta yi ta huci, ɗaki kuwa yana nan yadda yake. Maganar farko da ke fitowa daga bakin mai gida, kuma ita ce ta farko a bakin masu gyara da yawa, ita ce gas ya ƙare.

A kan wannan magana muke son mu tsaya, domin tana cin kuɗin jama'a ba gaira ba dalili. Wanda yake cikin Parakou yana iya samun mai gyara a unguwarsu. Amma wanda ke Pélébina, a kan hanyar Djougou zuwa Bassila, sau da yawa sai ya kira mai gyara daga Djougou, ya biya kuɗin babur zuwa da komawa, ya biya kuɗin gas, ya biya ladan aiki. Idan bayan mako uku sanyin ya sake ɗaukewa, ya sake biya. Alhali a mafi yawan lokuta abin da ya hana sanyin ba gas ba ne, wani abu ne da mai gida zai iya gani da idonsa tun kafin ya ɗauki waya.

Gas ɗin kilim ba man fetur ba ne, ba kuma gas ɗin girki ba ne. Ba a ƙona shi, ba ya raguwa don an daɗe ana amfani da na'ura. A rufe yake cikin bututun jan ƙarfe, yana zagayawa tsakanin akwatin da ke cikin ɗaki da wanda ke waje, shekara da shekaru. Don mu gane aikinsa, mu dubi randar ƙasa da ke tsakar gidajenmu. Ruwa yana tsatsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, wurin bushewar nan sai ya tafi da zafin ruwan da ke ciki, shi ya sa ruwan randa yake da sanyi. Haka zufa take yi wa jikin mutum. Kilim ma wannan dabara take bi, sai dai ita ba ta barin ruwanta ya tsere. A akwatin cikin ɗaki gas ɗin yana shigowa a matsayin ruwa, ya tafasa ya zama iska, wurin tafasar ya shanye zafin ɗakin. Injin da ke waje, wato kwamfuresa, ya zuƙo shi ya matse shi, fankar waje ta hura masa iska ya zubar da zafin a sarari, ya koma ruwa, ya sake shiga ɗaki. Ke nan na'urar ba ta ƙera sanyi, dakon zafi take yi daga ciki zuwa waje. Duk abin da ya tare hanyar dakon nan, ko a ciki ko a waje, zai hana sanyi ko da gas ɗin cike yake.

Mu fara da abin da ba a biyan ko dala a kansa, wato rimot. Akwai alamu a jikinsa. Mai kama da ƙwayar ƙanƙara ita ce ta sanyaya ɗaki. Mai kama da ɗigon ruwa ta busar da danshi ce. Mai siffar fanka iska kawai take hurawa, kwamfuresa ba ta tashi sam. A wasu na'urorin har akwai alamar rana, wadda ke ɗumama ɗaki. Yaro ya yi wasa da rimot, ko wani ya zauna a kansa, shi ke nan gida ya kwana cikin gumi. A tabbata alamar ƙanƙara ce a fuskar rimot, kuma lambar da aka sa ta yi ƙasa da zafin ɗakin. Sannan a yi haƙuri kaɗan. Yawancin na'urori suna jinkirta tashin kwamfuresa kamar minti 3 bayan an kunna ko bayan wuta ta dawo. Da gangan aka yi su haka don kare injin, ba lalacewa ba ce.

Daga nan sai ƙura, ita ce babbar mai laifi a wannan yanki namu. Na'urar da aka rufe tun Nuwamba ta sha hazon hunturu wata uku. Idan gidan yana bakin hanyar da manyan motoci ke bi, ga jar ƙura a kai. A ɗaga murfin akwatin cikin ɗaki, za a ga raga biyu masu tace iska. A zaro su a ɗaga su a hasken taga. Idan haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. A wanke su da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, domin rana tana lanƙwasa robar, kuma kada a mayar da su sai sun bushe sarai. Takardun da ke zuwa da na'ura sukan ce a yi haka duk mako biyu, mu kuwa a lokacin ƙura ko mako-mako aka yi ba a yi ɓarna ba. Ragar da ta toshe tana da wata illa da ke ruɗa mutane. Idan iska ba ta isa jikin bututun sanyi ba, bututun yakan yi sanyi fiye da kima har ƙanƙara ta kama shi, ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, daga baya ta narke ta riƙa ɗiga a bango. Wanda ya ga haka ya kashe sanyi, ya bar fanka kaɗai tana aiki har ƙanƙarar ta narke, ya wanke raga, sannan ya sake gwadawa.

Akwatin waje shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi shan wahala. A bayansa da gefensa akwai siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji, ta tsakaninsu iska ke bi tana ɗauke zafi. Can ƙura take taruwa ta haɗu da audugar rimi, da gashin kaji, da ledoji, a garuruwan da ake gurzar auduga kamar Parakou har da ɓurɓushinta da iska ke ɗaukowa. Idan suka toshe, zafin da aka ɗauko daga ɗaki ya rasa wurin zuba. Kwamfuresa ta yi zafi, makarin da ke cikinta ya kashe ta, ta huce, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Mai gida yana ciki yana jin sanyi na zuwa yana ɗaukewa bai san dalili ba. Maganinsa shi ne a katse wutar na'urar gaba ɗaya daga bireka, ba daga rimot kawai ba, a share da burushi mai taushi daga sama zuwa ƙasa, a bi da ruwa a hankali, ba tare da an jiƙa ɓangaren da wayoyi suke ba. Ƙarafan nan suna da kaifi kuma suna saurin lanƙwashewa, kada a tsokane su da wuƙa ko ƙusa.

Akwai kuma abin da muke jawowa da hannunmu. Saboda tsoron ɓarayi mukan sa a yi wa akwatin waje keji na ƙarfe. Wannan ba laifi ba ne idan kejin na sanduna ne masu tazara. Amma an sha ganin wanda aka lulluɓe da falle-fallen kwano, ko aka cusa shi a lungu tsakanin bango da katanga, ko mata suka jingina itacen girki da buhunan gawayi a gabansa. Iska mai zafi ta fito ta bugi bango ta dawo, na'ura ta sake shaƙarta. Bayan akwatin yana son sarari kamar kamu ɗaya ko fiye, gabansa kuma, inda fanka ke feso iska, a bar shi a buɗe. Idan yana bangon yamma inda ranar la'asar ke dukansa, a yi masa rumfa daga sama, gefe da gefe a sake.

Bayan an yi waɗannan, a kunna na'ura a bar ta kamar minti 15, sannan a yi gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki sai hannu da kunne. A je waje. Fanka tana juyawa? Iskar da take fesowa tana da zafi? Ya kamata ta fi iskar gari zafi sosai, domin zafin ɗakin ne yake fita. Idan fanka na juyawa amma iskar ba ta da zafi, kwamfuresa ba ta aiki, ko kuma babu gas ɗin da za ta tura. A taɓa bututu biyu da ke shiga akwatin ta gefe, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Babban ya kamata ya yi sanyi yana zufa kamar kwalbar da aka fito da ita daga firji. Wanda yake da ma'aunin zafi, musamman ɗalibanmu na makarantun koyon sana'a, ya auna iskar da ke shiga akwatin ɗaki ta sama da wadda ke fitowa ta ƙasa. Idan bambancin ya kai wajen digiri 8 zuwa 12, na'urar lafiyarta ƙalau, matsalar tana ga ɗakin. Za mu zo kan wannan.

Idan kuwa kwamfuresa ce ba ta tashi, abin da za a fara zargi shi ne wutar lantarki. Wutar da kamfanin SBEE yake rabawa gidaje volt 220 ce a ƙa'ida, kuma na'urori da yawa suna jure ragi ko ƙari na kamar kashi 10 cikin 100 ne kawai. Amma wuta tafiya take yi kafin ta iso, kuma gidan da ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma, ba ya samun abin da na kusa yake samu. Bayan magariba, lokacin da kowa ya kunna fanka da talabijin da firji, ƙarfinta yakan ragu. Alamar a bayyane take. Kilim tana sanyi da asuba da hantsi, da dare ta ƙi. Ƙwan fitila ya dusashe idan ta yunƙura. A waje a ji kwamfuresa tana gurnani na ɗan lokaci, sai ƙas, ta yi shiru. Wanda ya ji wannan gurnani kada ya bar na'urar a kunne yana fatan za ta tashi. Duk yunƙurin da ta yi ta kasa, wayoyin cikinta suna gasuwa ne, kuma kwamfuresa ita ce mafi tsada a jikin na'urar. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wani lokaci laifin ba na kamfani ba ne, na cikin gida ne. Gidajen da suka jawo wuta daga mitar maƙwabci da doguwar siririyar waya a kan sandunan itace, irin haɗin nan da ake kira saƙar gizo, wutar tana zubewa a hanya kafin ta iso. Waya irin wannan tana iya ɗaukar ƙwan fitila da fanka, ba ta ɗaukar kilim, kuma idan aka tilasta mata sai ta yi zafi, daga nan gobara ba ta da nisa. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya ko ɗaya da rabi tana son layinta daban daga allon wuta, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da birekarta ita kaɗai. Ba a haɗa ta da dutsen guga a soket ɗaya. Mai doki ɗaya da rabi tana jan amfiya 5 zuwa 6 idan tana aiki, kuma tsohon samfuri yana jan ninkin haka sau da yawa a daidai lokacin tashi, don haka gidan da mitarsa ƙarama ce zai ga tana yawan katsewa. Sitabilaiza tana taimakawa idan ragin ƙarfin wutar kaɗan ne kuma girmanta ya dace da na'urar. Idan waya ce ta yi siriri, sitabilaiza ba ta gyara komai. Ƙaramin janareta ma haka, wanda bai kai ba wahalar da injin kawai yake yi.

Idan wuta tana da ƙarfi amma kwamfuresa ko fankar waje ta ƙi tashi, yawanci kafasita ce. Wani ɗan gwangwani ne a cikin akwatin waje, aikinsa ya ba injin ƙaimin tashi da juyawa. Zafi da hawa da saukar wuta suna kashe shi, sau da yawa a ga kansa ya kumbura. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfuresa ba. Muna faɗar haka ne don kada wani ya ce wa mai gida inji ya ƙone alhali ba a auna kafasita ba. Amma canza ta aikin mai gyara ne, domin tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an cire na'ura daga lantarki, kuma tana iya jan mutum. Idan ya buɗe wurin, a roƙe shi ya duba allon wayoyi, domin tsaka da ƙadangare da tururuwa suna son ɗumin wurin, kuma gawar tsaka ɗaya ta isa ta haɗa waya da waya. Zanzaro kuma bakin tiyon fitar da ruwa yake liƙewa da laka, ruwan ya koma ya zubo cikin ɗaki.

Mu koma ga ɗakin da na'urarsa lafiya lau amma ba ya sanyi. Dokin da 'yan kasuwa ke faɗa ma'aunin yawan zafin da na'ura ke iya kwashewa ne. Doki ɗaya shi ne ake rubuta 9,000 BTU a jikinsa, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Doki ɗaya na ɗakin kwana ne matsakaici, kamar mita 4 a mita 4, mai silin, mai ƙofa a rufe. Aka kai shi babban falo, ko ɗakin da kwano ne tsirara a sama, zai wuni yana aiki ba hutu, mita tana cinye kati, sanyi bai wuce gaban na'urar ba. A irin wannan ɗaki kuɗin da za a kashe wajen silin, da labule mai kauri a tagar yamma, da toshe ƙasan ƙofa da ramukan iska na saman bango, ya fi amfani a kan kuɗin gas. Sannan mayar da rimot kan 16 ba ya sa tsohon samfuri saurin sanyaya ɗaki, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi. A sa 24 zuwa 26, a haɗa da fankar sama, jiki zai ji daɗi, katin wuta ma ya daɗe.

Kwamitocin masallatanmu su ma su lura da wannan lissafi. Jikin babban mutum a zaune yana fitar da zafi kamar wat 100. Mutum 100 a sahu ke nan sun kai wat 10,000, wanda sai na'ura uku masu doki ɗaya da rabi ne za su kwashe shi, tun ba a sa zafin rufi da ƙofofin da ke buɗe ba. Don haka idan kilim ta yi sanyi da azahar ranar Talata ta kasa ranar Juma'a, ba gas ne ya ƙare ba, jama'a ce ta fi ƙarfinta. Kunna ta da wuri kafin a taru, da rufe tagogi, yana rage abin.

To, yaushe ne gas ɗin yake da laifi da gaske? Idan raga tana da tsabta, akwatin waje a wanke, wuta da ƙarfi, kwamfuresa tana juyawa, amma babban bututu ba ya sanyi, ƙaramin kuma ya yi farin ƙanƙara a bakin akwatin waje, to akwai alamar gas ya ragu. Kuma tunda ba ya ƙarewa da kansa, ragi yana nufin yoyo. Wurin da ya fi yoyo shi ne mahaɗar bututu, inda ake ɗaure noti, musamman idan wanda ya kafa na'urar ya yi gaggawa, ko an taɓa cire ta an kai wani gida. Gas ɗin yana tafiya tare da man kwamfuresa, don haka inda yake fita akan ga maiƙo da ƙura ta manne a kai. Kumfar sabulu a wurin tana nuna shi.

A nan ake gane mai gyara na ƙwarai. Shi zai nemo inda yake yoyo ya gyara, ya sake bakin bututu ko ya yi walda. Zai gwada da iskar naitirojin ya ga ko matsin yana sauka. Zai sa famfon zuƙe iska ya fitar da iska da danshi daga cikin bututu. Sannan ya zuba gas a kan sikeli, daidai nauyin da aka rubuta a allon da ke manne jikin akwatin waje. Wanda ya zo da tukunyar gas kaɗai a bayan babur, ya ɗura har bututu ya yi sanyi ya karɓi kuɗi, zuba ruwa ya yi a kwando, kuma zai dawo. Mai gida yana da haƙƙin ya tambaya cikin mutunci: malam, ta ina ya fita? Mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Yawan gas ma cuta ne, yana ƙara wa inji nauyi ya rage sanyi.

A allon nan kuma an rubuta irin gas ɗin, R22 ko R410A ko R32. Ba a gauraya su, ba a zuba wani a madadin wani, domin matsinsu da irin man da suke tafiya da shi sun bambanta. R32 yana iya kama wuta, don haka ba a kusantar da wutar walda sai an fitar da shi an bar wurin ya sha iska. Abu biyu kuma kada a yarda da su ko da kyauta ne: a zuba gas ɗin girki a na'urar da ba don shi aka yi ta ba, ko a gwada bututu da iskar oksijin ta masu walda. Oksijin idan ta haɗu da man kwamfuresa a cikin matsi, fashewa take yi.

Yawancin tsofaffin na'urori 'yan Kwatano, waɗanda aka gama amfani da su a Turai ko Asiya aka turo mana, R22 suke sha. Wannan gas yana cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka sa a daina saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, kuma ƙasashe masu tasowa irin tamu sun ɗauki alkawarin kusan kammala barinsa a 2030. Ma'ana zai riƙa wuya yana tsada. Wanda tsohuwar na'urarsa ta R22 ta ƙone kwamfuresa, ko bututun cikinta ya ruɓe yana yoyo wuri-wuri, ya yi lissafi da kyau kafin ya sake zuba mata kuɗi. Sababbi masu inbata suna tashi a hankali ba tare da fizgar wuta ba, kuma suna cin kati kaɗan, sai dai allon lantarkinsu ba ya son tsawa da hawan wuta na farat ɗaya. A damina, idan hadari ya taso, a kashe su daga bireka.

Gyara yakan ɗauki kwanaki, musamman idan sai an aiko da kayan daga Parakou ko Kwatano, zafi kuwa ba ya jira. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma tsofaffi ne suka fi mutuwa a wannan zafin. Namu bai kai can ba, amma ɗakin da aka toshe ko'ina saboda kilim ya fi kowane ɗaki zama tanda idan ta tsaya. Idan akwai tsoho, ko jariri, ko mara lafiya a ciki, a buɗe tagogi da dare, a mayar da shi inda iska ke ratsawa, a riƙa shafa masa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata, a ba shi ruwa akai-akai. Idan ya fara ruɗewa, ko jikinsa ya yi zafi rau ba zufa, a kai shi asibiti nan take.